Wankin Kan Girija

Aikina a Kanfur yake, bayan tashar jirgin ƙasa,
inda inji ke tofo ƙullin shamfu dubu
kafin a kaɗa mana ƙararrawar shayi.
Rufi ɗai-ɗai ake sayar da su,
suna reto a bakin kanti kamar jelar ƙadangare.

Na haddace cikin tankin kamar sunan 'yan ɗakinmu:
ruwa ne mai gida,
sai wani fari mai yauƙi da ke haifar kumfa,
sai gishiri, i, na miya, don a samu kauri,
ɗigon tsami, ɗigon launi,
da ƙamshin wani fure
da bai taɓa taka ƙofar masana'antar ba.

Ran Lahadi ba na warin kowa sai na uwata.

Tun da ɓarin jikinta ya yi shiru
hannun Girija ba ya kaiwa ƙeya.
Daren Asabar nakan jiƙa mata ritha a tukunyar ƙarfe,
'ya'yan itace masu yamutsattsiyar fuska,
da shikakai mai kama da ɓawon tsamiya,
da busasshiyar amla, baƙa ƙirin.
Da safe in tafasa, in dagargaza da hannu,
in tace da gefen tsohon sarinta.
Ruwan ya fito kalar shayin da aka manta a wuta.
Ba ya kumfar kirki.
In ya shiga ido kuwa, sai ka kira sunan kakanka.

Takan zauna kan 'yar kujera a bakin magudana,
ta sunkuya, wuyanta siriri kamar na tulu.
"Campo," in ji ta. Matsa. Murza.
Kalmar babanta ce, wanzamin bakin kogi,
mai tausa kan fatake har su yi gyangyaɗi
su bar ƙunshinsu a hannun Allah.
Ta ce kalmar ta hau jirgin ruwa da yatsu goma,
ta daɗe a ƙasar sanyi,
ta dawo mana a kwalba, ba yatsa ko ɗaya.
Nakan yi dariya. Kwalbar ce ke biyan hayar ɗakin nan.

Makon jiya shagon Bansilal a rufe,
an ce 'yarsa ta haihu a Unnawo.
Ba ritha. Na tsaya a tsakar gida da tukunya wayam.
Sai na laluba jakar aiki,
na yage ƙulli guda da haƙori,
na ɓoye shi cikin ruwan amla kamar ɓarauniya.

Ban kai ga kunnenta ba ta ce,
"Sulocana, yau kumfarki ta cika surutu."
Na tsaya cak, hannuna fari fat har gwiwa.
Kurciya na kuka a kan wayar lantarki.
Maƙwabciya na kankare ƙanzo.
"Wa ya ce ki tsaya?
Nan, bayan kunne. Ƙasa kaɗan. Yauwa."

Na bi ƙoƙon kanta da ɗan yatsa,
na sami tabon da rijiya ta yi mata tana 'yar bakwai,
na sami wurin da tulu ya zauna shekara talatin
har gashi ya yi fushi ya bar wajen.
Ta lumshe ido. Ta fara gyangyaɗi.

Na ɗauraye sau uku, don wannan kumfar ba ta jin sallama.
Furfurar da ta zube na naɗe a yatsa
na cusa a tsagar bango, yadda take yi da.
Ta zauna a rana, gashi a baje a kafaɗa,
tana ƙamshin furen nan na ƙarya,
ta ce in tambayi Bansilal, in ya dawo,
mace aka samu ko namiji.